Kuskure na 1219: abin da ke sa kwamfuta ƙin kalmar sirrin da take daidai

A yawancin ofisoshin da ke da kwamfuta fiye da uku a Garwa, Marwa ko Gaundare, za ka tarar an mayar da guda ɗaya ma'ajiyar kowa. A wani wurin tsohuwar kwamfutar tebur ce da aka tura ƙarƙashin teburin akanta, a wani wurin ƙaramin akwatin ajiya ne irin na Synology ko QNAP, a bankuna da manyan ƙungiyoyin agaji kuwa cikakkiyar uwar garke ce a ɗaki mai sanyi. Ko wacce ce a cikinsu, ita ce uwar garken ofis: sauran kwamfutocin suna leƙa ta ta waya ko ta wifi, kowa ya buɗe dosiyen, wato jakar fayiloli, da ya shafe shi. Tsari ne mai kyau, ya fi yawo da filash daga tebur zuwa tebur ana kwasar ƙwayar cuta.

Ga yadda rikicin yakan zo. Sakatariya ta buɗe dosiyen da kowa ke shiga tun da safe, ba a tambaye ta komai ba. Da hantsi mai ofis ya ce ta shiga dosiyen lissafi ta buga masa wata takarda, ya faɗa mata suna da kalmar sirri. Ta rubuta, kwamfuta ta ƙi. Ya taso da kansa ya rubuta, ta ƙi. A tasa kwamfutar kuwa kalmar tana aiki lafiya lau. Wani lokaci akwatin tambayar ne kawai yake ta dawowa, wani lokaci kuma doguwar jimlar nan ce ta Faransanci mai farawa da « Plusieurs connexions à un serveur ou à une ressource partagée par le même utilisateur », wadda a taƙaice take cewa ba a yarda mutum ɗaya ya haɗu da uwar garke ɗaya da suna fiye da ɗaya ba. Lambar wannan kuskure a Windows ita ce 1219. Daga nan sai zargi ya shigo. Ita tana cewa "Yallaɓai, wallahi abin da ka faɗa shi na rubuta," shi yana zaton ta taɓa wani abu. Ƙarshenta a kira mai gyara, in an yi rashin sa'a ya ce sai an wanke kwamfutar an sake zuba Windows. Wannan shi ne yake ƙona min rai, domin ana ɓata yini guda, wani lokaci har da takardun mutane, a kan abin da bai lalace ba.

Ƙa'idar da kwamfutocin ke bi wajen wannan rabo sunanta SMB. Barry Feigenbaum ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin IBM a 1983, Microsoft ta ɗauka ta raine ta, ta fitar da zubi na biyu tare da Windows Vista, na uku tare da Windows 8 a 2012. Kwamfutocin Linux da yawancin akwatunan ajiya suna jin wannan yare ne ta hanyar manhajar Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara a Ostareliya a farkon shekarun 1990. Shiga dosiye ta wannan ƙa'ida hawa uku ne. Da farko kwamfutocin biyu su daidaita a kan zubin da za su yi magana da shi. Sannan kwamfutarka ta gabatar da kai, uwar garke ta tantance, a buɗe maka zama. Sai a hawa na uku ne ake maganar wane dosiye kake so. Duk sirrin yana cikin wannan jerin: ana tambayar ko kai wane ne a hawa na biyu, tun ba a ambaci sunan wani dosiye ba. Ma'ana, sunan da ka shiga da shi na uwar garken ne gaba ɗaya, dosiye goma da ke cikinta duk a ƙarƙashin zama ɗaya suke.

Kamar maigadin babban gida ne mai littafi a bakin ƙofa. Ka zo da safe ya rubuta ka da suna ɗaya, ka shiga tsakar gida. Da ka isa ƙofar ɗakin ajiya aka ce wannan sunan ba shi da izini, sai ka dawo wurin maigadi kana cewa ya sake rubuta ka da wani suna, alhali a littafinsa kana ciki ba ka fita ba. Ba zai yarda ba sai ka fita an soke sunan farko. Abin lura shi ne, ƙa'idar SMB ita kanta ba ta hana zama biyu ba, shi ya sa mai Linux yake iya ɗaura dosiye biyu na uwar garke ɗaya da suna biyu ba tare da gardama ba. Windows ce ta zaɓi ta tsaya a kan suna ɗaya ga kowace uwar garke a cikin kowace shiga ta mai amfani. Kuma akwai hujja: idan Word ko Excel ya nemi wani fayil a uwar garken da za mu kira \\OFIS, dole Windows ta san da wane suna za ta nema ba tare da ta tsaya tambaya ba.

To amma sakatariyar nan ba ta taɓa rubuta wani suna da safe ba, ina aka samo na farkon? A nan ne mutane suke ruɗewa. Da zarar ka rubuta \\OFIS a mai binciken fayiloli, ko ka danna gajeriyar hanyar da ke kan allo, Windows ba ta jiran ka. Sai ta duba ko ta taɓa ajiye wani suna domin wannan uwar garken, in babu ta gwada sunan da ka shiga kwamfutarka da shi. Ko jerin dosiyoyin kawai ka kalla ba ka buɗe ko ɗaya ba, an riga an buɗe zama ta wata ɓoyayyar ƙofa mai suna IPC$, wadda ta nan ake karɓo jerin. Idan uwar garken ta karɓi wannan gwajin, shi ke nan an rubuta ka. Tana karɓa kuwa ta hanya biyu da suka yi yawa a wurarenmu. Ta farko, mai gyara ɗaya ne ya zuba wa duk kwamfutocin ofis Windows, ya sa wa kowacce mai amfani ɗaya, Admin ko PC ko HP, da kalmar sirri iri ɗaya, sai uwar garke ta ga suna da kalma sun dace da nata ta buɗe shiru. Ta biyu, an saita uwar garken ta ɗauki duk wanda ba ta sani ba a matsayin baƙo. A Samba layin da ke yin haka shi ne map to guest = bad user, kuma akwatunan ajiya suna da makamancinsa. Sakatariya ta shiga a matsayin baƙuwa ba ta sani ba, ta samu dosiyen kowa da kowa, kuma wannan baƙuntar ce ta tare mata hanyar dosiyen lissafi.

Ba buɗe dosiye kaɗai ke kama zama ba. Firintar da aka raba daga wannan kwamfutar tana iya kamawa. Haka manhajar lissafi irin su Sage idan fayil ɗinta yana can, haka dosiyen da aka maƙala a « Accès rapide », haka harafi irin Z: da wani ya ɗaura wa wani dosiyen uwar garke bara ya sa masa alamar sake haɗuwa duk lokacin da aka kunna. Kafin mai kwamfuta ya gama gaisawa da abokan aiki, ɗaya daga cikinsu ya riga shi ƙofa.

Saboda haka aikin farko shi ne a ga wane ne a ciki. A buɗe baƙin allon umarni, « Invite de commandes », a rubuta net use. Zai jero haɗin da ke akwai, masu harafi da marasa harafi. Marasa harafin su ne abin nema, musamman layin da ya ƙare da IPC$. Ana cire shi da net use \\OFIS\IPC$ /delete, ko a share duka da net use * /delete, amma kafin wannan na biyun a tabbata kowa ya adana aikinsa, domin zai yanke har fayil ɗin da ke buɗe. Daga nan sai a shiga da sunan da ake so tun daga farko: net use Z: \\OFIS\Lissafi /user:OFIS\akanta * . Tauraron ƙarshen nan yana sa a tambaye ka kalmar sirri ba tare da ta fito a allo ba. Ga masu madannin AZERTY, karkataccen layin nan da ke gaban sunan uwar garke yana kan AltGr da 8.

Akwai tarko a nan da yake kama har ƙwararru. Mai gyara ya saba buɗe komai « en tant qu'administrateur », sai ya buɗe baƙin allon haka, ya rubuta net use, a ce masa jerin fanko ne. Ya share duka, a ce babu abin sharewa, kuskuren kuma yana nan daram. Dalili shi ne tun daga Vista, mai amfani da ke da ikon shugaba yana da fuska biyu a Windows, ta yau da kullum da ta iko, kowacce da nata jerin haruffa da haɗi. Mai binciken fayiloli yana aiki da ta yau da kullum. Don haka a wannan aikin baƙin allo na talaka ake buɗewa. Wannan rabuwar ce kuma take sa manhajar da aka kunna da ikon shugaba ta rantse ba ta ganin Z: alhali ga shi kowa yana gani.

Wani lokaci ko an buɗe allon da ya dace jerin fanko ne, domin haɗin da mai binciken fayiloli ya ƙulla da kansa ba kullum yake bayyana a net use ba. A nan PowerShell, ɗayan allon umarni na Windows, ya fi gani: umarnin Get-SmbConnection, wanda shi kam yana son ikon shugaba, yana nuna uwar garke, dosiye da sunan da aka shiga da shi. In an rufe duk tagogi haɗin bai saki ba, sai a sake kunna hidimar « Station de travail », wadda ita ce ke riƙe da duk waɗannan zaman, ko a yi abin da ya fi sauƙi, a fita daga asusun Windows a sake shiga. A ɓangaren uwar garke ma ana iya dubawa: a Windows akwai « Gestion de l'ordinateur », sashen dosiyoyin da aka raba, inda ake ganin kowane zama da sunansa, a Samba kuma smbstatus. Ni nan nake fara dubawa in ina da hanya, domin a nan ne za ka ga an rubuta baƙo a gaban kwamfutar da mai ita yake rantsuwa da sunansa ya shiga.

Sake kunna kwamfuta yana kashe zaman, shi ya sa ake ganin kamar an warke. Washegari kuma abin ya dawo, saboda abin da ya ƙulla zaman farko yana nan. Wuri biyu ne. Ɗaya haruffan da aka ɗaura da alamar sake haɗuwa. Ɗayan shi ne « Gestionnaire d'identification » da ke cikin « Panneau de configuration », inda duk sunan da aka taɓa cewa a tuna da shi yake kwance. Umarnin cmdkey /list yana jero su, cmdkey /delete:OFIS yana cire na wannan uwar garken. A nan za ka tarar da tarihin ofis: sunan ma'aikacin da ya bar aiki shekara biyu da suka wuce, sunan ɗan koyon aiki, sunan mai gyaran da ya shiga da asusunsa domin gwaji ya bar alamar tunawa a kunne. Wannan na ƙarshen ya fi rikicin 1219 muni, domin yana nufin kwamfutar sakatariya tana shiga ko'ina da ikon shugaba ba wanda ya sani. A lura kuma, ana ajiye sunan ne bisa yadda aka rubuta uwar garken, don haka OFIS da 192.168.1.10 layi biyu ne daban ko da na'ura ɗaya ce. Wanda ya share ɗaya ya bar ɗayan bai gama ba.

Ba duk ƙin shiga ne 1219 ba, kuma lambar da net use ke bayarwa ta fi akwatin tambayar nan gaskiya nesa ba kusa ba. Idan ya ce 53, ba a ma sami uwar garken ba, maganar waya ce ko suna ko adireshi, kalmar sirri ba ta shigo ciki ba. Idan ya ce 5, an san ka amma ba ka da izini, kuma a Windows izinin hawa biyu ne, na rabo da na tsaron dosiyen kansa, wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki. Idan ya ce 85, harafin ne wani ya riga ya kama. Lamba 86 da 1326 ne ke cewa suna ko kalmar sirri ba daidai ba.

Ko su ɗin ma sau da yawa kalmar daidai take a kan mai ita. Kwamfutocin hannu da ake kawowa daga Kano ko Dubai madanninsu QWERTY ne, a zuba musu Windows ta Faransanci, sai abin da aka zana a kan maɓalli ya saɓa da abin da ke fita: A ya zama Q, Z ya zama W, M ya ƙaura, lambobin sama kuma ba sa fita sai da maɓallin manyan baƙaƙe. Kalmar da aka ƙirƙira a kan wani madanni sai ta ƙi fita a kan wani, kuma tunda ɗigo-ɗigo kawai ake gani ba mai lura. A rubuta ta a gurbin suna a kalle ta da ido, sannan a goge. Sai kuma siffar sunan. In ka rubuta akanta kawai, Windows takan liƙa masa sunan taka kwamfutar ko na yankinku, wato rukunin kwamfutocin da ake riƙe asusunsu wuri ɗaya, a gaba, kuma ba kowace uwar garke ke kau da kai ba. Rubuta OFIS\akanta yana cewa asusun da ke can nake nufi. Wanda kuma uwar garkensa kwamfuta ce da ake shiga da asusun Microsoft, lambar PIN da yake bugawa kullum ba ta aiki daga nesa, adireshin imel da ainihin kalmar sirrin asusun ake so, wadda galibi an manta da ita tun ranar da aka buɗe. Asusun da ba shi da kalmar sirri ko kaɗan, Windows ba ta barin a shiga da shi ta hanyar sadarwa, haka aka saita ta tun daga XP. Masu Samba kuma su tuna cewa tana da nata littafin kalmomin sirri daban da na Linux, sai an sa mutum da smbpasswd -a.

Tsohuwar kalmar da aka ajiye tana da wata ɓarnar da ba a danganta ta da ita. Akanta ya canza kalmarsa ranar Litinin, amma tsohuwar tana kwance a kwamfuta uku, da kuma cikin injin fotokofin da ke tura takardun da aka ɗauka hoto zuwa dosiye. Kowannensu yana ta gwada ta shiru, har adadin kuskuren ya cika a kulle asusun. Sababbin zubin Windows 11 suna zuwa da wannan kulle a kunne, kuskure 10 a rufe na minti 10. Sai ka ga mutumin da bai yi kuskure ko sau ɗaya ba ana ce masa an kulle shi, lamba 1909. A littafin aukuwar tsaro na uwar garke, lamba 4625 tana nuna kowane gwajin da ya faɗi da inda ya fito, 4740 kuma tana nuna kullewar. Injin fotokofi shi ne wanda ake mantawa da shi.

Wutar lantarki ma tana da hannu. A watannin zafi, lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya wuta ta riƙa zuwa tana tafiya, ko a Kusiri da Injamena inda ofisoshi da yawa suke rayuwa a kan janareta, na'urar rarraba intanet takan mutu ta tashi sau da yawa a yini, kuma tana iya sake raba adireshi. Uwar garken da take 192.168.1.10 jiya ta wayi gari da wata lamba, tsohuwar lambar kuma ta faɗa hannun wata kwamfuta, sai ka ga ana miƙa kalmar sirrin da take daidai ga na'urar da ba ita ba. Maganin wannan a kafe wa uwar garke adireshinta sau ɗaya. Sai agogo. A ofisoshin da ke da yanki na Active Directory, tsarin Microsoft na tara asusun ma'aikata wuri ɗaya, tantancewa ta Kerberos ake yi, wadda aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka, Microsoft ta ɗauke ta tun Windows 2000, kuma a saitinta na asali ba ta yarda agogon kwamfuta da na uwar garke su saɓa da fiye da minti 5 ba. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirinta na cikin allo, CR2032, ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai agogonta ya koma baya da shekaru. A irin wannan ofis kuma, idan aka ƙara wa mutum izini ta hanyar sa shi a wani rukuni, ba zai gani ba sai ya fita ya sake shiga, ko a zubar da tsofaffin tikitin shaidarsa na Kerberos da klist purge a sake ƙulla haɗin.

Akwai dabarar da kowane mai gyara ya sani. Tunda Windows da suna take gane uwar garke, sai a ɗaura dosiye ɗaya ta \\OFIS, ɗayan ta \\192.168.1.10, ta ɗauka na'ura biyu ce ta yarda da suna biyu. Mai son na uku yakan ƙara laƙabi a fayil ɗin hosts da ke C:\Windows\System32\drivers\etc. Tana aiki, kuma ranar da ake jiran takardar albashi ba zan hana kowa yin ta ba. Amma a san kuɗinta. Uwar garken Windows tana iya ƙin laƙabin da ba a yi mata rajistarsa ba. A cikin yanki, shiga ta lamba yakan sa a bar Kerberos a koma tsohuwar hanyar NTLM, wadda Microsoft da kanta ta sanar tana janyewa daga gare ta. Hanyoyin da ke cikin fayilolin Excel sai su rabu, wasu da suna wasu da lamba, ranar da lambar ta canza rabinsu su mutu. Mafi muni, wanda ya zo bayanka ba zai san abin da ka ƙulla ba.

Wata shawarar da ke yawo ita ma ina ƙin ta. Tun zubin 1709 na Windows 10 aka fara rufe shigar baƙo a wasu nau'o'in, a Windows 11 24H2 kuwa, wadda ta fito a 2024, an rufe ta har a nau'in Pro, aka kuma wajabta sa hannu a kan saƙonnin SMB, abin da zaman baƙo ba ya iyawa. Yanzu da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025 ofisoshi suna ƙaura, sai dosiyen kowa da kowa ya daina buɗuwa a sababbin kwamfutoci. Abin da ake yawan yi shi ne a shiga rajistar saitunan Windows a sake buɗe ƙofar baƙo a kashe sa hannun, wasu har su kunna SMB na farko domin tsohon injin fotokofi, zubin da cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta shiga ƙasashe fiye da 150. Wanda ya sake buɗe wa baƙo ya dawo da ainihin abin da ke haddasa 1219 da hannunsa, ya kuma bar duk wanda ya sami wifin ofis yana karanta takardu. Masu kwafar faifai ɗaya zuwa kwamfuta goma kuma su san cewa daga sabuntawar ƙarshen watan Agustan 2025, Windows 11 24H2 tana ƙin tantancewa tsakanin kwamfutocin da lambar shaidarsu ta ciki, SID, ta zama ɗaya, tana ta tambayar kalmar sirri kamar ba daidai ba ce. Kwafi ba tare da an bi ta Sysprep ba, manhajar Microsoft da ke shirya faifai kafin a kwafe shi, shi ke jawo haka.

In ka bi duk waɗannan zaren, yawancinsu wuri ɗaya suke komawa. A ofisoshinmu ana raba kalmar sirri ne bisa dosiye: ga ta lissafi, ga ta ma'aikata, ga ta shugaba, duk wanda aka amince da shi a raɗa masa. Windows kuwa an gina ta ne a kan a ba mutum suna ɗaya, sannan a faɗa wa kowane dosiye su wa zai buɗe wa. Muddin sakatariya tana bukatar suna biyu domin ta yi aikin yini ɗaya, za ta ci karo da 1219 komai gwanintar mai gyara. Abin da ya dace shi ne a buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa a uwar garke, a yi rukuni kaɗan, na lissafi, na shugabanci, na kowa, a ba rukuni izini a kan dosiye, a rufe baƙo. Ranar da mai ofis yake son sakatariya ta shiga lissafi sai a sa ta a rukunin, ko a ba ta izinin karantawa kawai, ranar da ya fasa a cire ta. Ba sai ya faɗa mata kalmarsa ba, wadda daga ranar ta zama ta mutum biyu, gobe ta uku. Wanda ya bar aiki a rufe asusunsa shi kaɗai, ba a tashi hankalin kowa da sabuwar kalma ba. Kuma in takarda ta ɓace ko aka taɓa wata lamba, ana iya sanin asusun da ya shiga, abin da ke kare ma'aikaci mai gaskiya kafin kowa. Injin fotokofi ma a ba shi nasa asusun, mai izinin rubutu a dosiye ɗaya tak.

Na san abin da ake cewa: ofis na mutum shida ba shi da kuɗin uwar garke ta gaske. Ba a bukatar ta. Windows Pro ta kan tebur tana yin asusu da rukuni, iyakarta dai haɗi 20 a lokaci guda, akwatin ajiya mafi ƙanƙanta ma yana yi, tsohuwar kwamfuta mai Linux da Samba ma haka. Inda aikin yake da ɗan nauyi shi ne kwamfutar da mutum biyu ke rabawa, na safe da na yamma, kamar a kantin magani ko wurin buga takardu. A nan kowannensu yana bukatar nasa asusun a kan ita kwamfutar ma, domin ƙa'idar suna ɗaya tana bin shigar kowane mai amfani ne daban: na safe ya shiga da nasa ya sami zamansa da nasa ajiyayyun kalmomi, na yamma ya sauya zuwa nasa ya sami nasa, ko da na farkon bai rufe tagoginsa ba.